Ranar da Aka Hana Ni Kyanwa a Ingila

Wata huɗu ke nan da faruwar abin, amma har yau in na tuna sai in ji wani abu ya tokare mini ƙirji. Tun da na zo ƙasar nan na ga ɓacin rai iri-iri. An taɓa tsayar da ni a filin jirgi ana ta juya fasfona kamar na jabu ne. An sha barin kujerar da ke kusa da ni a bas babu kowa, alhali ga mutane a tsaitsaye. Duk waɗannan na shanye, don baƙo ba ya rasa irinsu. Wanda ya ƙi wucewa shi ne na ranar da wata mata ta dube ni cikin ladabi da sanyin murya ta ce ba za ta iya ba ni kyanwa ba. Kyanwa fa, mage, irin wadda ke haihuwa a bayan rumbun Inna ba wanda ya san ranar.

Shekarata tara ina koyar da kiwon dabbobi a wata kwalejin aikin gona a gida, kafin Allah Ya kawo ni arewacin Ingila karatun digiri na biyu na shekara guda. A watan Nuwamba malamarmu ta kwashe mu, mu goma sha biyu, zuwa wani gidan ajiye dabbobi da ke bayan gari. Wuri ne da ake karɓar karnuka da kyanwoyi da zomaye waɗanda masu su suka kasa riƙewa ko aka tsinta a titi, a yi musu magani, a nema musu sabon gida. Irin waɗannan gidaje sun daɗe a ƙasar. Tun 1860 wata mata mai suna Mary Tealby ta buɗe ɗaya a Landan domin karnukan da suka ɓata, shi ne yau ake kira Battersea. Namu da muka je ƙarami ne, ba shi da wani suna a duniya.

Na tafi da niyyar toshe hanci. Tun daga ƙofa aka sa muka taka wata 'yar darduma jiƙe da maganin kashe ƙwayoyin cuta, muka wanke hannu. Ciki babu wari, babu ƙuda ko ɗaya. Kowace kyanwa da ɗakinta, ƙarami ne amma da ɗumi, da bargo, da wani ɗan akwati da za ta shige in ba ta son ganin mutane. A ɓangaren karnuka rediyo na tashi ƙasa-ƙasa don ya kwantar musu da hankali. Injinan wanki na ta juyawa da barguna. A jikin kowace ƙofa an manna kati: suna, shekaru, abin da dabbar ke ci, maganin da take sha, abin da take so da abin da take tsoro. Na tsaya na karanta na wani tsohon kare. An rubuta cewa yana firgita in ya ga an ɗaga sandar goge-goge, kuma kada a ba gidan da ke da ƙananan yara. Wato wani ɗan Adam ya zauna ya yi ta lura da kare har ya gano abin da aka taɓa dukansa da shi, ya rubuta don kada a sake. Na daɗe a gaban katin nan.

Duk dabbar da ta shigo, abu na farko shi ne a goga mata wata na'ura a doron wuya. A nan ana cusa wa kare wani ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, tsakanin kafaɗu, mai ɗauke da lamba, lambar kuma tana haɗe da sunan mai shi da adireshinsa a kwamfuta. Tun 2016 wannan ya zama dole a kan karnuka, a watan Yunin 2024 kuma aka haɗa da kyanwoyi a Ingila, wanda ya ƙi yana iya biyan tarar da ta kai fam 500. Daga nan sai allurar rigakafi, maganin tsutsar ciki da na ƙuma, sai a fiɗiye namiji, a cire wa mace mahaifa. Wannan na ƙarshen ya sosa mini rai da farko, har na tambaya. Aka ce mini mage na iya ɗaukar ciki tun tana wata huɗu, kuma tana iya haihuwa fiye da sau biyu a shekara, to ina za a kai 'ya'yan? Na san inda muke kai su a gida, shi ya sa ban ƙara magana ba.

Na tambayi nawa gwamnati ke ba su. Ko kwabo. Da gudummawar jama'a suke tafiya, da shagunan gwanjo da suke sayar da kayan da aka ba su kyauta, da wasiyyar mamata. Mutum zai mutu ya bar wasiyya a sayar da gidansa a ba maguna kuɗin. Yawancin masu shara da wanke kwanuka a wurin 'yan sa kai ne, tsofaffin da suka yi ritaya, ba a biyansu ko sisi.

A ɗaki na kusa da na ƙarshe na same ta. Toka-toka ce, kunnenta ɗaya a tsage, shekararta tara. Sauran duk sun lafe da ganin taro, ita kuwa ta sauko ta zo tana goga gefen fuskarta a jikin ragar ƙofa, daidai inda na ɗora yatsa. Kamarta ɗaya da wata mage da ta yi shekaru a gidanmu ina yaro, wadda ke kwana a kan buhun gero. A lokacin ina zaune a wani ɗaki can saman wani tsohon gida, rana na faɗuwa tun ƙarfe huɗu, sanyi na ratsa ƙashi, ina iya yin kwana biyu ban yi magana da kowa ba sai a waya. Ga ɓeraye sun dame mu a kicin. Ban yi wani dogon tunani ba, na juya na tambayi matar da ke zagayawa da mu: nawa ce wannan?

Wurin ya yi tsit. Ta ce ba sayarwa suke yi ba, ana bayar da ɗan abin da zai rage musu kuɗin magani ne kawai, kuma in da gaske nake sai in cika fom in dawo a tattauna.

Na cika, na dawo ranar Asabar. Bas biyu na hau, cikin yayyafi. Ta ba ni kujera da shayi, ta buɗe takarda. Gidan da kake ciki naka ne ko haya? Mai gidan ya yarda a rubuce? Akwai babban titi a ƙofar gidan? Akwai fili a baya da za ta riƙa fita? Awa nawa kake yi ba ka gida? Mutum nawa ne a gidan, duk sun amince? In ta kamu da ciwon ƙoda, wanda ya zama ruwan dare ga tsofaffin maguna, kana da halin kai ta wurin likita ko biya mata inshora? Wallahi ranar da na je neman aure ba a titsiye ni haka ba. Ina amsawa, raina na ɗan ɓaci, amma ina dannewa. Sai ta zo kan ta ƙarshe: yaushe bizarka za ta ƙare, kuma in ka tafi, wa zai riƙe ta?

Na ba ta amsar da kowane Bahaushe zai bayar. Na ce ai ba za a rasa wanda zan bar wa ba, ko maƙwabci ko wani ɗalibi.

Ta ajiye biro. Ta ce magen nan an riga an bar ta sau ɗaya. Mai ita tsoho ne da ke zaune shi kaɗai, ya mutu a cikin gida, sai bayan kwanaki aka sani, kuma a gefensa aka same ta. Ta ce tana iya ƙara shekara bakwai ko takwas a duniya, suna nema mata inda za ta ƙarasa su ne, ba inda za ta yi wata goma ba. Na ce mata ni malamin kiwo ne, na yi wa shanu allura, na karɓi haihuwar awaki ba adadi, na girma da jaki a ƙofar gida. Ta ce ba ta shakkar ilimina ko kaɗan, amma ba za ta iya ba ni ba. Ta raka ni har bakin ƙofa, ta ce in gaida gida.

A bas ɗin komawa na kasa ko duba waya. Zuciyata na ta raya mini cewa launin fatata ne. Da wannan na kwana, da shi na tashi, har na fara rubuta musu wasiƙa mai zafi. Ranar Litinin na ba wata 'yar ajinmu labari, Baturiya ce haifaffiyar garin, sai ta ce ita ma bara an hana ta kare, don tana wuni a waje kuma gidanta babu fili. Na yaga wasiƙar. Amma zafin bai tafi ba, ya dai sauya wuri ne. Da wariya ce da na san yadda zan yi da ita. Abin da ya fi ciwo shi ne an auna ni da ma'aunin da ake auna kowa, kuma aka ga ban cika ba.

Da daddare na kira Inna. Da yake ni ne ɗan fari ba ta kama sunana. Ta saurara har na gama, ta ce, "Kai ɗan nan, magen ma sai da takarda?" Na ce, "Sai da takarda, Inna." Ta ce, "To Allah Ya kyauta. Ka yi haƙuri ka gama abin da ya kai ka, ga su nan har huɗu a bayan rumbu, ka zo ka zaɓa." Ina jin kukan awaki a bayanta da ƙarar turmi daga maƙwabta. Bayan mun yi sallama na zauna a bakin gado, hawaye ya zubo mini. Kewar gida ta taso mini gaba ɗaya, irin gidan da mage ke shigowa da kanta ba wanda ya gayyace ta, ta ci kan kifi da sauran tuwo, ta kama ɓera, ta zauna shekara goma ba a taɓa tambayar ta wane ne ba.

Kada ku ɗauka na dawo ina yi wa mutanen nan kirari. Akwai abubuwan da har gobe ba za su daina ba ni haushi ba. Ka shiga babban kanti, layi guda cur tun daga farko har ƙarshe abincin kare da mage ne: na jarirai daban, na tsofaffi daban, na masu ƙiba daban, na masu laulayin ciki daban. A bakin ƙofar kantin nan kuma akwai kwandon da ake jefa gwangwanin wake domin mutanen da ba su da abin kaiwa baka. Ɗalibi baƙo yana biyan fam 776 na lafiya a kowace shekara tun wajen neman biza, amma da tari ya kama ni a watan Disamba sai da na yi safiya uku ina buga waya ƙarfe takwas daidai kafin na samu layin ganin likita, shi ma bayan mako biyu. Mage kuwa in mai ita na da kuɗi yau-yau za a gan ta, don asibitin dabbobi a nan na kuɗi ne zalla, kuma kuɗin ba na wasa ba. A tashar jirgin ƙasa akwai wani bawan Allah da ke kwana a waje da karensa. Na sha tsayawa ina kallo: mutane za su durƙusa su shafa kan karen, su yi masa magana, su tashi su wuce ba su haɗa ido da mutumin ba. Maƙwabcina na wata biyar bai taɓa amsa gaisuwata da fiye da ɗaga gira ba, amma ranar da magensa ta ɓata har ɗakina ya hawo da hotonta. A ƙasar nan an kafa ƙungiyar hana zaluntar dabbobi, wadda yau ake kira RSPCA, a 1824. Ta hana zaluntar yara sai a 1884, shekara sittin a tsakani.

Kuma tsohon nan mai magen ya tsaya mini a rai. Kwanaki yana kwance ba wanda ya sani. A unguwarmu dattijo ya rasa sallar asuba sau ɗaya, kafin hantsi an buga masa ƙofa. Wannan abu ne da muke da shi su ba su da shi, kuma duk bargunan gidan dabbobin nan ba za su saye shi ba. Da yawa daga cikin masu rungumar kare a nan, rashin mutum ne ya kai su.

To amma duk wannan haushin bai goge abin da na gani a bayan gidan ba, wanda ban ba ku labarinsa ba tukuna. Ranar ziyarar farko, bayan mun gama da maguna, aka fita da mu wani fili mai shinge. Jakuna biyu ne a ciki. An yi musu rumfa mai bango uku da busasshiyar ciyawa a shimfiɗe, domin gashin jaki ba ya tare ruwa kamar na doki, dabbar ƙasa mai zafi ce, ruwan Ingila na iya kwantar da shi. Kowanne da fasfonsa, don doka ta wajabta wa doki da jaki takardar shaida. Ana kiran mai gyaran kofato duk bayan 'yan makonni, ana duba musu haƙori. Aka ce in za a bayar da su sai dai a bayar da su tare, domin jaki na shaƙuwa da abokin zamansa, in aka raba su yana iya ƙin cin abinci har ya kamu da ciwon da zai kashe shi. Babban cikinsu ya haura shekara talatin. Ba ya ɗaukar komai, ba ya jan komai.

Na roƙa a bar ni in taɓa shi. Na ɗora hannu a gadon bayansa, na bi da tafina tun daga wuya har gindin wutsiya. Sumul. Ba gyambo, ba tabo, ba farin gashin nan da ke fitowa inda miki ya warke. Na duba ƙafafuwa, ba sawun dabaibayi. Na duba ƙasan wutsiya inda igiya ke ci, lafiya lau. A lokacin na gane cewa a duk rayuwata, ni da na tashi a yankin Gumel inda jaki ya fi keke yawa muna yara, ban taɓa ganin babban jaki mai lafiyayyen baya ba. Na ɗauka haka Allah Ya halicce su, da gyambo a ƙarƙashin akumari.

Muna da wani auraki a gida ina firamare. Shi ke kai taki gona da rani, shi ke ɗebo ruwa, shi ya ɗauko ƙasar da aka gina ɗakin da aka haife ƙannena a ciki, mangala bayan mangala. Bayansa ya yi miki har ana ganin jan nama, maganin da muka sani shi ne a shafa baƙin mai na inji ko a barbaɗa toka, a mayar da akumari, a hau. Ni da kaina na sha zabga masa sanda a kan mikin don na ga nan ne yake jin zafi ya yi sauri. Ba wanda ya taɓa ce mini kul. Da ƙarfinsa ya ƙare aka kora shi kasuwar Maigatari ranar Alhamis, aka dawo da igiya. An ci moriyar ganga an yar da kwaurenta, kuma babu wanda ya ga laifi a ciki, har ni.

Yanzu ma abin ya wuce nan. Duk wanda ke zuwa kara ya san manyan motocin da ake loda wa jakuna a nufi kudu da su, a yanka, a sayar da naman, a busar da fatar a fitar da ita zuwa Sin, inda ake dafa ta a fitar da wani abu mai danƙo da suke kira ejiao, na magani da gyaran jiki. Akwai wata babbar ƙungiyar kula da jakuna a garin Sidmouth da ke kudancin Ingila, wadda wata mata, Elisabeth Svendsen, ta kafa a 1969. Lissafinsu ya nuna ana yanka jaki aƙalla miliyan 5.9 a duniya kowace shekara saboda fata kawai. Jaka kuwa wata goma sha biyu take yi da ciki, ta haifi ɗa guda, to ta yaya haihuwa za ta kamo yanka? Nijar ta hana fitar da jakuna tun 2016. A watan Fabrairun 2024 shugabannin Tarayyar Afirka suka amince a Addis Ababa da a hana yanka jaki don fatarsa a nahiyar baki ɗaya. Amma ku da ke gida kun fi ni sanin ko motocin sun daina tashi. Abin da na sani shi ne jaki ya fi ƙarfin talaka yanzu, kuma tulun da ya sauka daga bayan jaki a kan mace da yarinya yake komawa.

Na san abin da wasunku za su ce, don ni ma na faɗa a raina a cikin bas ɗin nan: mutum bai ƙoshi ba ana zancen mage da jaki. Gaskiya ne ba mu da kuɗin saya wa kare bargo, kuma ba na kira a yi. Amma wanke miki da ruwan gishiri nawa ne? Sauke wa jaki kaya ya huta mako biyu nawa ne? Hana yaro jifan mage da dutse don baƙa ce, wai mayya ce, nawa ne? Ƙulle 'ya'yan mage a buhu a jefa kududdufi, talauci ne ya sa? Kuma batun kare ba batun gata ba ne, batun ran yaranmu ne. Ingila ta rabu da cutar haukan kare tun wajajen 1922. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kusan duka a Afirka da Asiya, kuma kaso mai yawa yara ne. Muna da cibiyar binciken dabbobi a Vom tun 1924, tana yin allurar rigakafin karnuka. Amma namu tsarin shi ne a bar kare yana yawo ba mai shi ba allura, sai ya ciji yaro a bi shi da sanduna, iyayen yaron kuma su shiga gari neman allurar da ta fi ta karen tsada nesa ba kusa ba. In ka cire 'yan farauta da makiyaya, waɗanda suka san darajar karensu, sauranmu ƙyama kawai muka iya. Alhali a mazhabar Malikiyya da muka tashi a kai duk mai rai tsarkakakke ne, har kare.

Nan ne abin ya fi ci mini rai. Matar da ta hana ni magen nan ban sani ba ko ta taɓa jin hadisi ko ɗaya. Mu kuwa tun muna makarantar allo muka ji labarin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ba. Mun ji na mutumin da aka gafarta wa don ya shiga rijiya ya ɗebo wa kare ruwa da takalminsa. Mun ji na raƙumin da ya zubar da hawaye a gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka kira mai shi aka yi masa faɗa kan yunwa da wahalar da yake ba shi. Mun ji an tsine wa wanda ya yi wa jaki lalas a fuska. Sahabin da ya fi kowa ruwaito hadisi ma da 'yar mage ake yi masa alkunya. Duk mun haddace, muna ji a wa'azi muna girgiza kai, mu fito masallaci mu wuce jaki ɗaure a rana da miki a baya. Su kuma mutanen Ingila sun mayar da abin doka: tun 2007 wajibi ne a kan duk mai dabba ya ba ta wurin zama da abincin da ya dace, ya kare ta daga ciwo da wahala, kuma tun 2021 mai zaluntar dabba na iya shan ɗaurin shekara biyar. Shekara tara ina koyar da nauyi da abinci da cuta da riba. Ban taɓa tsayawa a gaban aji ko na minti goma na yi maganar abin da ke faruwa da dabba ranar da ta daina amfani ba.

Bayan sabuwar shekara na koma gidan, ba neman mage ba. Na tambaya ko suna buƙatar hannu. Matar nan dai na tarar, ta gane ni, ta miƙo mini wani fom ɗin, wannan karon aka karɓe ni. Duk Asabar nake zuwa, in kwashe kashin jakuna, in canja musu ciyawa, in wanke kwanuka. In na gama sai in shiga ɗakin mai tsagaggen kunne in zauna a ƙasa, ta hau cinyata. A watan Fabrairu wata dattijuwa da mijinta ya rasu ta zo ta cika duk sharuɗɗan, gidan nata ne, da fili a baya, kuma 'yarta ta sa hannu cewa in ta Allah ta kasance ita za ta ɗauka. Ni na kai mata akwatin har mota. Ban ji daɗi ba, ba zan yi muku ƙarya ba.

A daren na kira ƙanina da ke riƙe da gonar gida. Bayan gaisuwa na ce in gari ya waye ya ɗaga akumarin jakin nan ya ɗauko mini hoton bayansa. Ya ce, "Yaya, lafiya dai ko?" Na ce lafiya lau, ya dai turo. Da safe hoton ya shigo. Miki biyu ne, ɗaya ya kai faɗin tafin hannu, an shafe shi da baƙin mai, ƙuda sun yi masa rumfa. Na ce ya wanke man da sabulu, ya riƙa wanke wurin da ruwan ɗumi da gishiri safe da yamma, ya nemo malamin dabbobi ya duba, kada a ɗora masa komai sai ya rufe, kuma a sake akumarin, a yi masa sabo mai laushi wanda ba zai zauna a kan ƙashin baya ba. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To Yaya, takin fa? Ga damina na matsowa." Na ce ya yi hayar amalanke, zan turo kuɗin ranar Juma'a in an biya mu. Ya ce to. Jiya ya turo wani hoton, ƙaramin ya bushe, babban da saura.